Jan Awarwaro a Ƙofar Asibiti

Tun da aka sa wa kowa awarwaron auna tsoro, ƙofar asibiti ba ta buɗe wa wanda nasa ya yi ja. Na Barmani ya yi jawur, ga shi mijinta na kwance a ciki tun jiya.

Inna Kande mai ƙosai ta sauke kaskonta, ta zaunar da ita a tabarma.

"Kada ki kori tsoron, 'yar nan. Ba ni hannunki. Ja numfashi, mu sauke tare."

Suka yi ta yi a hankali har awarwaron ya koma kore, ƙofa ta buɗe.

Da Barmani ta waiga, sai ta ga na Inna ya yi ja, wata baƙuwa kuma ta riga ta riƙe mata hannu.