Maganin Ƙarƙashin Gado

Kin ce kunya ba za ta bar ki ki ajiye maganin nan a gidanki ba? To gyara zama, 'yar nan, ki ji wani misali, don ni irin wannan kunyar haushi take ba ni.

An yi wani magini da ya faɗo daga kan gini, bayansa ya taɓu. Aka ɗora shi a kan ƙwayar kashe raɗaɗi, ciwo ya tafi, ƙwaya ta ƙi tafiya. Matarsa ta rufe maganar ruf, ko 'ya'yansu ba ta yarda a yi zancen da su ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ba ta wani ɗan magani na fesawa a hanci, mai dawo da numfashin wanda irin wannan ƙwaya ta danne. Ta ce mata duk ranar da ya ƙi farkawa, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya yi toka-toka, ta fesa masa nan take, ta kwantar da shi ta gefe, ta yi kururuwa a zo a kai shi asibiti. Matar ta karɓa kamar an miƙa mata garwashi. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta cusa can ƙuryar ƙarƙashin gadonta, kada ido ya gani baki ya tambaya.

Ranar da dangin ango suka kawo lefen babbar 'yarsu, ɗakin uwar amaryar ya cika maƙil da mata, wasu ma a kan gadon suke zaune, ana buɗe akwatuna ana rangaɗa guɗa. Uwar ta zame ta kai wa maigidan abinci ɗakinsa, sai ta tarar da shi yashe a ƙasa yana wani irin minshari mai kama da kakari. Ta girgiza shi, shiru. Ta ɗaga fatar idonsa, baƙin idon ya tsuke kamar kan allura. Wallahi ta gane, ba wai ba ta gane ba. Amma da wane baki za ta ce wa surukai su ɗaga ƙafa ta shiga ƙarƙashin gado? Su ce maganin mene ne? Su ji uban amarya ɗan ƙwaya ne, su kwashe akwatunansu? Sai ta ja masa mayafi, ta sakaya ƙofa, ta koma tana raba zoɓo da cincin, tana yaƙe, tana ce wa ranta ai yanzu za su tafi. Kin dai san mata da lefe, sai an ɗaga kowane zane an yaba. Da ta sake leƙawa, minsharin ya tsaya. Sai a sannan ta faɗo ɗaki kai ba ɗankwali, tana ture ƙafafun mutane, ta jawo ƙullin, ta ruga ta fesa masa. Ina! Aikin gama ya gama. Baƙin da take jira su tafi ba su tafi ba, su suka fara zaman makoki.

Gwaggon ango, wadda ta jagoranci matan, ta riƙe ta tana hawaye ta ce, "Haba baiwar Allah! Wa ke neman aure bai yi bincike ba? Ai mun san larurarsa tun kafin mu tako gidan nan, kuma muka zo. Da kin buɗe baki, da mu za mu ɗaga miki gadon." An ɗaura auren daga baya, ba wanda ya janye. Amma matar nan har yau ba ta iya haɗa ido da 'yarta, in suka zauna ɗaki ɗaya sai ta duƙar da kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.