Dugadugan Tela

Tela ɓarawo ne, kuma a cikin ɗakinsa ya yi satar.

Matarsa na jego, kan nononta ya tsattsage. Duk sanda jaririya ta kama, sai ta cije leɓe tana hawaye. Nas ta rubuta mata wani mai, ta ce ta riƙa shafawa bayan shayarwa, zai kai ta wata guda. Kwana shida man ya ƙare. Ciwo ya dawo, har ta fara cewa gara a koma madarar gwangwani.

"Kamfanonin yanzu ba tsoron Allah," in ji Tela, yana matsa bututun man. "Rabi duk iska ce."

Uwarsa na zaune a gefe lokacin da ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ta san dugadugan nan da faso mai yaga zanin gado. Yau ga su sumul, suna sheƙi kamar kumatun jikarta.

"Kai, miƙo ƙafar nan."

"Inna, ɗan kaɗan fa na..."

"Sannu maijego! Wa kake shayarwa da dunduniya?"

Matar ta yi dariya har jaririya ta saki nono.

Inna ta tasa shi gaba zuwa kemis ɗin da ke jikin shagonsa. A gaban sauran teloli ya faɗi abin da ya zo saya, da inda na farko ya tafi.

Matar ta warke cikin mako. Faso ya dawo. Har yau Maijego ake kiransa.