Allurar da Ta Ƙi Motsi

"Murɗa makulli!" in ji Baba, kansa cikin bonet ɗin motarsa.

Babban ɗansa ya murɗa. Injin ya yi tari ya mutu. Baba ya kai agogon gwajin ƙarfin mai daf da hancinsa, yana ƙanƙance ido. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Mai ba ya isowa nozul ɗin da ke fesa shi cikin inji," ya ce. "Filta sabuwa ce, tiyo ba ya yoyo. Ka ji kukan famfon mai daga tanki?"

"Ban ji ba, Baba."

"To gobe mu sauke tanki."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran motocin mutane, yau tasa ta gagare shi. Ba kuwa za ta tashi ba, domin fiyus ɗin da ke kai wa famfon wuta yana aljihun ɗan. Ya zare shi tun ranar da likita ya ce idon Baba ba zai dawo ba, Baba kuma ya rantse ba zai daina tuƙi ba.

Baba ya lalubo sifana, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ɗan ya kasa jurewa.

"Baba, akwai abin da zan faɗa maka."

"Bar shi a aljihunka," Baba ya katse shi, murya ƙasa-ƙasa. "Fiyus na fara lalubawa tun ranar farko, na ji babu shi. In motar nan ta tashi, ba zan iya tuƙa ta ba. In gyara kuma ya ƙare, me zan tashi in yi da safe?"

Ya miƙo hannu. "Ɗauko min sifanar."