Ƙarshen da Ya Karanta wa Mama

Sai da suka fito bakin ƙofa marubuciyar ta dubi saurayinta. Ya sunkuyar da kai.

"Mama ta yaba tatsuniyata, wai yadda yarinyar ta durƙusa ta nemi gafarar ɗan sarki. Malam, a wane shafi na rubuta haka?"

Babu, kuma ya sani. A littafin, yarinyar ta kashe dodo da kanta, ta kama gabanta. Shi ya sauya ƙarshen lokacin da yake karanta wa mahaifiyarsa, don ta yarda da aurensu.

"Tsoro na ji kada ta ƙi ki."

"To ai wata daban ta yarda da ita, ba ni ba." Ta miƙa masa littafin. "Koma ka karanta mata na gaskiya. Ina nan."

Ya karɓa, ya tura ƙofar.