Maganar da Lemuel Ya Bari a Zaren Kaset

Karo na uku ke nan Odessa tana mayar da zaren kaset baya, reza a tsakanin yatsunta. Shekara goma sha tara aikinta ke nan a wannan ɗakin ɗaukar kiɗa na unguwar Harlem, tana yanke duk abin da bai kamata duniya ta ji ba.

A cikin zaren, kiɗan fiyanon Lemuel, tsohon gwanin kiɗan jaz, ya sauka a hankali, hannun hagun da ciwo ya taɓa yana bin na dama da ƙyar. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa: "Odessa, ki aure ni."

Ta ɗago kai. Ga shi tsaye a bakin ƙofa, ya dogara sanda, hula a hannu.

"Ka san jar fitilar ɗaukar sauti tana kunne lokacin da ka faɗa?"

"Shekara hamsin ina kallonta."

"Wato na'ura ka faɗa wa, ba ni ba."

"Ke ce mai jin zaren kafin kowa."

Ta ɗora bakin rezar a kan zaren, daidai wurin maganar. Ya zuba wa hannunta ido.

"Yankewa za ki yi?"

"Muryarka ta yi rawa, dattijo. A sake."

Nan take ya ɗaure fuska. Kaf garin an san Lemuel ba ya maimaita kiɗa, ko mai kamfani bai isa ya sa shi ba.

"Ban taɓa yi wa kowa sau biyu ba."

"Na sani." Ta kashe na'urar. "Ga ni."

Ya jingine sandar a bango. Sannan ya tako gabanta da ƙafafunsa, ya gyara murya.