Jar Kaba a Kan Farin Faifai

Lokacin yankan shinkafa, Malam Bukar mai kwalekwale ne ke tsallakar da abincin unguwarmu zuwa fadama. Kwanukan duk kamarsu ɗaya, don haka kowane magidanci da faifan da aka rufe kwano yake gane nasa. Na gidanmu ja ne da baƙin baki.

Ran nan da azahar Inna ta gama kwashe tuwo, sai muka tarar akuya ta cinye rabin faifan. Babu wani a ɗaki sai sabo fari, wanda ba ta kai ga yi masa ado ba. Ga Malam Bukar a ƙofar gida yana kira: "Mutan gidan nan, zan tafi fa!"

Inna ta tsoma hannu a tukunyar da take rina kaba da karan dafi. Har yau ina jin warin nan, kamar jiƙaƙƙiyar dawa da kanwa. Ta zaro kaba ɗaya tana ɗiga, ta soka ta a farin faifan, ta ɗaure.

Na ce, "Inna, Baba zai gane kuwa?"

Ta ce, "In bai san ɗaurina ba, ya wuni da yunwa."

Da magariba Baba ya shigo, yatsunsa jajir. Ya miƙa mata kwano wayam, ya ce, "Yau har tuwon kika rina?"

Na yi furfura ban daina mamaki ba. Ni da aka yi ɗaurin a gabana, da ni ne a fadamar, da ban gane shi ba.