Maharbin da Ya Ƙi Mutuwa

Marubucin yana tsaka da rubuta mutuwar Maharbi, sai sanarwa ta faɗo a kwamfutarsa: Maharbi ya shigo wasa.

Gabansa ya yanke ya faɗi. Ƙaninsa ne ya ƙirƙiri wannan jarumi a cikin wasan, shi kuwa ya mayar da shi littattafan da matasa ke rububinsu. Amma tun bara aka binne ƙanin, kuma ba wanda ya ƙara shiga ɗakinsa.

Ya buɗe wasan. Ga Maharbi tafe yana tangaɗi, yana karo da bango kamar makaho. Can sai saƙo ya fito: "Kar ka kashe ni."

Duk addu'ar da ya kamo sai ta kuɓuce masa. Daga ɗakin marigayin ya jiyo ƙwas, ƙwas, a hankali. Ya tafi yana dafa bango, ya tura ƙofar.

Mahaifinsu ne, mutumin da ya sha zare wayar kwamfutar yana kiran abin shiririta. Tabarau a kan hanci, yana farautar harafi da yatsa ɗaya.

"Baba!"

"Wane mahaukaci ne ya jera haruffan nan?" in ji tsohon, bai ko waiwayo ba. Sai muryarsa ta karye. "Na ji ka a waya, wai a littafin nan za ka gama da shi. Da hannuna na sa yaron nan a kabari. Sau ɗaya ya isa."